Ɗana ya canja tun da ya koma hannun babansa: gidan ne ko unguwar?

"Assalamu alaikum Likita. Aurena da baban yarana ya mutu shekara uku da suka wuce, yanzu ina wani auren a wani gari. Babban ɗana mai shekara 15 da ƙanwarsa suna hannun babansu da matarsa a cikin Kano. Da can yaro ne mai fara'a, ga ƙoƙari a makaranta. Yanzu ya rame, kullum ciwon kai, in ya zo mini hutu sai barcin rana da saurin fushi, ba ya son a yi masa magana. Ƙanwarsa ta ce ya daina kwana a gida, a shagon wani abokinsa yake kwana. Babansa ya ce abokai ne suka lalata shi, ya sha dukansa, yanzu har yana maganar kai shi gidan mari. Mahaifiyata kuwa ta ce sammu ne. An yi masa gwajin maleriya da taifot, ya sha magani, ba abin da ya sauya. Don Allah gidan ne matsalar ko unguwar? Kuma me zan iya yi tunda ba ma tare?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya, Ya shirya mana su baki ɗaya. Mutum uku sun kalli yaro ɗaya, kowa ya ga abu daban: uba ya ga abokai, kaka ta ga sammu, ke kuma, ko da ba ki fito fili kin faɗa ba, zuciyarki tana kan gidan. Ban ga yaron ba, ban kuma ji ta bakin babansa da matarsa ba, don haka maganata ba yanke hukunci ba ce a kan kowa, kuma ba za ta tsaya a madadin kai shi asibiti ba. Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya fi ciwon kan da ramar tsaya mini a rai: ɗan shekara 15 ya daina kwana a gida, kuma daga bakin ƙanwarsa labarin ya fito, ba daga bakin wani babba ba.

Abin da ke faruwa a jikinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga shekara 10 zuwa 19 a matsayin shekarun tasowa, kuma ɗanki yana tsakiyarsu. A wannan lokacin ƙwaƙwalwa ba ta nuna gaba ɗaya. Sashen da ke son jin daɗi da yabon tsara yana ƙarfi da wuri, amma sashen da ke bayan goshi, mai auna abin da zai biyo baya da danne son rai, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Wani masani a Amurka, Laurence Steinberg, da abokiyar aikinsa sun gwada wannan a 2005 da wasan tuƙin mota a kwamfuta. Yara masu shekarun ɗanki, in abokansu na tsaye suna kallo, kasadar da suke yi sai ta ninka, manya kuwa kallon abokai bai sauya tuƙinsu ba. Ke nan babansa bai yi kuskure gaba ɗaya ba da ya kalli abokai. Inda na rabu da shi, ya tsaya a nan bai tambayi abin da ya kai yaron hannunsu ba.

Ciwon kai da ramar kuwa, kafin a je nesa, a lissafa barci da abinci. Yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a shekarun nan sinadarin melatonin da ke kawo barci yana jinkirin fitowa, shi ya sa samari ba sa jin barci da wuri ko da a gidan da aka tsare su. To ina ga wanda ke kwanan shago? A tashi daga gidan kallon bal wajen ƙarfe 11, a zauna wajen mai shayi, a dawo a latsa waya, ga zafi ga sauro, da Asuba a tashe shi, ya wuce boko, da yamma Islamiyya. Wanda ya yi watanni a haka dole ya yi ciwon kai, ya yi mantuwa a aji, ya riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Barcin ranar da kike gani in ya zo hutu yana iya zama bashi ne jiki ke biya, a gidan da ya sami natsuwa. Haka abinci: yana ganiyar tsawo, cinsa ya kamata ya fi na babansa, amma a yawancin gidaje in an raba tuwo ba ka nan, shi ke nan, kuma saurayi ya gwammace ya kwana da yunwa da ya je ƙofar matar uba ya ce ina nawa.

Sannan akwai damuwa. Yaranmu ba sa zuwa su ce ransu a ɓace yake. Cewa suke kaina na sarawa, ƙirjina na bugawa, jikina ya mutu. Kuma ciwon damuwa a wajen matashi sau da yawa da fushi yake bayyana, ba da kuka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, don haka ba abin mamaki ba ne, ba kuma hauka ba ne. Wani abu da ke ɓata mana lokaci shi ne gwajin taifot na Widal, wanda ke iya nuna akwai ciwo ga mutumin da lafiyarsa ƙalau. Na ga yara da yawa da aka ɗura wa maganin taifot zagaye bayan zagaye, alhali ba wanda ya zaunar da su ya tambaye su komai.

Gidan

In aka kawo mini yaro irin wannan, nakan roƙi wanda ya kawo shi ya ɗan ba mu wuri, sai in yi masa tambaya uku: jiya a ina ka kwana, me ka ci da dare, wa ya sani? Biyun farko suna amsawa. Ta ukun ce take sa su sunkuyar da kai.

Mutuwar aure ita kaɗai ba ita ce ke karya yaro ba. Yara da yawa sun tashi tsakanin gida biyu sun zama mutane. Abin da bincike ya yi ta nunawa, kuma nake gani, shi ne gabar da ke biyo baya ta fi sakin kansa illa: a mai da yaro ɗan aike tsakanin mutum biyu da ba sa ga maciji, a zagi uwarsa a gabansa, in ya yi laifi a ce halin uwarsa ya ɗauko, in ya je hutu a titsiye shi da tambayar me matar uba ta ce, me ta dafa, me aka saya mata. Yaron da aka sa a wannan tsakani kowane gida ya shiga ji yake ya ci amanar ɗayan, sai ya zaɓi shiru, daga baya ya zaɓi waje. Na faɗi wannan ne don ki duba naki ɓangaren ma, ba don na ɗora miki laifi ba.

Akwai wani babban bincike da likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka jagoranta a San Diego ta Amurka, sakamakon farko ya fito a 1998. Sun tambayi manya sama da 17,000 abin da suka gani suna yara: duka, zagi da wulakanci, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi a gida, da makamantansu. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye, haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12 a kansu. Mutanen wata ƙasa ne masu wata irin rayuwa, kuma ƙaruwar haɗari ba ƙaddara ba ce a kan kowane yaro. Abin ɗauka a ciki shi ne illar tana taruwa ne, ɗaya a kan ɗaya. Rabuwar ta riga ta faru, ba mai mayar da ita. Dukan da ake ƙarawa a kai kuwa ana iya tsayar da shi gobe.

Ina so in yi wa matar uban adalci, don saurin zarginta ake yi. Sau da yawa yarinya ce da ba ta fi yaron da shekara goma ba, ga goyo ga ciki, an haɗa ta da saurayi mai fushi da ba ta san ta inda za ta kama shi ba. Kuma al'adarmu ce in yaro ya balaga ya fita daga cikin gida ya koma ɗakin samari. A babban gida na da wannan ba matsala ba ce: ɗakin yana soro, baffa na zaure, kaka na ciki tana ajiye masa ɗumame, duk wanda ya shigo da dare sai ya wuce ta gaban wani. Yanzu gidan haya ne ciki da falo. Al'adar fitar da saurayi tana nan, amma soron da baffan da kakar babu su. Sai yaro ya zame zuwa shago ba tare da kowa ya kore shi ba, kowa kuma yana zaton wani ya san inda yake. 'Ya mace ana sa mata ido, wani lokaci har ya yi yawa. Namiji sai a ce ai namiji ne. A ganina wannan sakin ya fi muguntar matar uba yawa a cikin labaran da ke zuwa gabana, kuma ya fi wuyar ganewa domin ba wanda ya aikata wani abu da za a nuna.

Uban kuma, irin tarbiyyar da ya samu ke nan: tsakanin uba da babban ɗa akwai nisa, ya biya kuɗin makaranta, ya ɗinka na Sallah, magana kuwa sai an yi laifi. Wasu masana biyu a Swidin, Stattin da Kerr, sun bincika iyayen 'yan shekara 14 a shekarar 2000, suna neman ta yaya iyaye ke sanin inda 'ya'yansu suke da wanda suke tare. Suka tarar mafi yawan sanin ba daga bin diddigi da tuhuma yake zuwa ba, daga abin da yaron ya faɗa da kansa ne. Yaro kuwa ba ya kai labari inda ya san bulala ce amsarsa. Kowane duka yana sa ya ƙware a ɓoyewa.

Unguwar

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangarun suna nan da yawa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tramol. A Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma kasuwar ƙwaya ba ta mutu ba. Yaron da ke kwana a waje a irin wannan gari ba sai ya nema ba, za a miƙo masa.

Duk da haka kada a ɗauka kowane shago matattarar 'yan shaye-shaye ne. Wani shagon tela ne, wani na cajin waya, kuma abin da yaron ke samu a can ba ɓoyayye ba ne: ana cin abinci kwano ɗaya da shi, ana yi masa laƙabi, in bai zo ba a ce ina ka shiga jiya. Abu na farko shi ne wani babba ya taka ya ga shagon, ya san mai shi da masu kwana a ciki. A lura ko kuɗi ko kaya na ɓacewa, ko idonsa na ja, ko akwai warin sholisho a tufafinsa, ko yana yawan amai da gumi. Tramol in ya yi yawa yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya, kuma na ga an ɗauki wannan a matsayin aljanu. Akwai kuma abin da ba ma son faɗa: yara maza masu kwanan waje manya na lalata da su, kuma kusan ba sa taɓa faɗa. In ya fito da sabuwar waya ko kuɗin da ba a san tushensu ba, ko akwai wani babba da ya fiye jansa a jiki, a bincika a hankali, ba tare da an kunyata yaron ba.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ƙasar Aislan ta rage yawan 'yan shekara 15 da 16 masu buguwa da giya daga kashi 42 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 5 a 2016, ta hanyar ƙara lokacin da iyaye ke yi da 'ya'yansu, da hana yara yawon dare, da zuba kuɗi a wasanni da kiɗa bayan makaranta. Mu kuwa filayen ƙwallon unguwa an yanka su an yi shaguna. Wannan ba ke za ki gyara shi ba, aikin masu unguwa da hukuma ne.

Abin da ke hannunki

A tsibirin Kauai na Hawai, Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rigimar gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a labarinsu shi ne samun babba ko da ɗaya ne da ya riƙe su da gaske, ba lallai uwa ko uba ba. A nan mu muna da arzikin da ba mu cika amfani da shi ba. Akwai kawunsa, akwai gwaggonsa, akwai kakanni, waɗanda wasan jika da kaka ya ba su damar jin abin da uba ba zai taɓa ji ba. Ki zauna ki yi tunani: cikin danginki ko na babansa, wa ke cikin Kano, yaron yana sakin jiki da shi, uban kuma yana jin nauyinsa? Wannan mutumin za ki fara nema, kafin likita ma.

Ta bakinsa za a je wa uban, ba ta bakinki ba, kuma ba da ƙarar matarsa ba. In aka fara da laifin matarsa, ƙofa ta rufe. A je masa da cewa ɗansa ba shi da lafiya, a roƙi abu uku da ba su fi ƙarfinsa ba: tsayayyen wurin kwana da wani babba zai san ya shigo, a riƙa ajiye masa abincinsa ko ba ya nan, a ajiye bulala. In akwai malamin da yake saurara, ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara da ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa ta ishe su buɗe magana. Kotu ba na ba ki shawararta a kan wannan yaron. A fiƙihun Malikiyya riƙon ɗa namiji yana wajen uwa har ya balaga, in ta yi wani aure ya koma wajen mahaifiyarta, to shi ya kai wannan iyakar ko ya kusa, shari'a ba za ta ƙara komai ba sai gaba. Hukuncin ƙanwar daban ne, wannan ki tambayi malamai. Ita ma a duba ta, gida ɗaya suke, kuma a daina mai da ita mai kawo rahoto.

In gidan uban ba wuri, sai a auna. Dawo da shi wajenki yana da daɗin ji, amma in mijinki bai karɓe shi da zuciya ɗaya ba, ya tashi daga ɗan kishiya ya koma agola. Gidan kaka ya fi sauƙi in akwai namiji babba a ciki. Makarantar kwana tana taimakon wasu, amma yaron da ke cikin damuwa yakan ɗauke ta a matsayin kora. Koyon sana'a bayan makaranta a hannun mutumin kirki na ga ya yi amfani ƙwarai, don yana cike yammacin da babu kowa, ya kuma ba yaro wanda zai ce masa sannu da aiki. Kowanne za a zaɓa, a tambayi yaron. Gidan mari kuwa a'a. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, a watan da ya biyo baya aka sake ganin irinsa a Daura. Ko da ta tabbata yana shan wani abu, sarƙa ba ta maganinsa.

Ke kanki, na lura ba ki ambaci sunansa ba, kuma na san kunyar ɗan fari. Ba na ce ki yar da ita ba, amma yaron da ke ganin kowa ya sake shi yana iya karanta kawaicinki a matsayin ke ma kin sake shi. Ki sa rana da lokacin da kike kiransa, kada ki saɓa, ko da amsarsa ba ta wuce "lafiya lau" ba. In ya zo hutu kada ki zaunar da shi gaba da gaba. Samari sun fi buɗe baki in ana wani aiki, ko a hanya, ko da dare bayan an watse. Abin da ya faɗa miki kuma kada ya zama makamin faɗa da babansa, in ya ji maganarsa ta dawo masa sau ɗaya, ba zai ƙara ba. Mahaifiyarki ki bar ta ta yi masa addu'a da tofi, ba su hana magani ba, kuma yaron zai ji an damu da shi. Iyaka dai ban da duka, ban da turaren da ke shaƙe numfashi, ban da ɗura masa abin da ba a san mene ne ba.

A asibiti a auna jininsa da hawan jini da sukari, a gwada idonsa, don rashin gani sosai na kawo ciwon kai da faɗuwa a aji. In akwai tari da gumin dare a duba tarin fuka. Ku roƙi likita ya gan shi shi kaɗai. In za a yi gwajin ƙwaya a fitsari, a yi da saninsa. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau duka suna ganin irin wannan, kuma zuwa can ba ya nufin an ce ya haukace. Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ciwon kai mai tashinsa daga barci da amai, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, jijjiga, jin muryoyin da ba kowa, kwanaki ba barci, ko ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa. In kin ji irin wannan ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

In an samu wurin kwana da abinci suka daidaita, duka ya tsaya, barci da cin abinci ne ke fara dawowa, ciwon kai ya biyo baya. Fushin yakan daɗe, wani lokaci har ya ƙaru da farko, don yana gwada ko da gaske ake. Sakamakon makaranta shi ne na ƙarshe, kada a auna shi da jarrabawar zangon nan. In an yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ba wani motsi, ko ramar na ƙaruwa, a koma wajen likitan a gaya masa duk abin da aka gwada.